Inda Sharar Kasuwar Dabbobi Ta Tafi

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, muna saurare.

Zaki, sarkin kasuwar dabbobi, ya kafa dokar tsabta: kowa ya share gaban rumfarsa. Sai kowa ya riƙa tura wa maƙwabcinsa shara, har ta gangara tafkin da Kwaɗo ke zaune.

Kwaɗo ya je ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, an ce a share, ba a ce ga inda za a zubar ba."

Zaki ya ce, "Dubi rumfuna fes! Tashi ka ba ni wuri."

Da rana ta take, ƙishirwa ta kai Zaki tafki. Ya kurɓa, ya tofar. "Wa ya ɓata mana ruwa?"

Kwaɗo ya leƙo. "Sharar rumfarka ce ta riga ka zuwa, ranka ya daɗe."

Ƙurunƙus, kan kusu a bakin tafki!