Ƙwaryar da Mwalimu Shayo Bai Sha Ba

Akwai wani tsohon malamin makaranta a ƙauyenmu, can gindin dutsen Kilimanjaro, sunansa Ndewirwa Shayo, amma kowa Mwalimu yake ce masa, wato Malam. Mutum ne mai ji da kansa. Ko tangaɗi yake yi, sai ya tsaya ya gyara maka Turancinka.

Shekara ashirin yana shan mbege, giyar ayabar nan tamu, har kwanaki suka riƙa ɓace masa kamar hazon safiya. Ranar da ’yarsa Aikande ta gama makaranta, a baro aka turo shi gida. Bai tuna komai ba.

Wata safiya Aikande ta same shi a gonar ayaba.

"Baba, dangin Elisante za su kawo kayan aurena bayan wata biyar. Abu ɗaya nake roƙo. Ina so washegari in tambaye ka yadda aka yi, ka iya ba ni labari."

Maganar ta zauna masa a ƙirji. Ya taɓa jin cewa masu son barin giya suna taruwa duk Alhamis da la'asar a tsohon rumbun kofi. Sau uku yana zuwa ƙofar yana wucewa, wai shi iska yake sha.

A na huɗu, Temba, wani ɗan dakon masu hawan dutse, ya leƙo.

"Mwalimu, iskar nan taka kullum a ƙofarmu take kaɗawa? Shigo mana, akwai shayi."

"Ni ba irinku ba ne," in ji Mwalimu.

"Haka duk muka ce. Ga wurin zama."

Ya shiga yana ɓata rai. Su takwas ne zaune a kan buhuna, hasken rana na zubowa ta hujin kwano, ƙamshin tsohon kofi ya cika ɗakin. Kowa ya faɗi sunansa da abin da giya ta raba shi da shi. Ba wa'azi, ba gori. Mwalimu ya ji kamar mafarkinsa ne wasu bakuna suke faɗa. Tun daga ranar bai sake fashi ba.

To, ga inda matsalar take. A wurinmu uba ba ya cewa "na yarda" da baki kawai. ’Yarsa za ta durƙusa ta miƙa masa ƙwaryar mbege, ya kurɓa a gaban surukai. In bai sha ba, ya ƙi auren ke nan.

"Kurɓa ɗaya ce fa," in ji Mwalimu a taron wata Alhamis.

Mama Eliaichi, wadda a da ita ke dafa giyar rabin ƙauyen, ta yi tsaki. "Kurɓa ɗaya ce ta kwantar da ni shekara uku. Gaskiya za ka faɗa musu."

"Ni? A gaban ɗalibaina?"

"Ai sun gan ka a baro," in ji Temba. Aka fashe da dariya, har shi.

Daga nan duk Alhamis sai su ɗauko busasshiyar ƙwarya. Mama Eliaichi ta durƙusa a matsayin amarya tana ƙorafin gwiwa, shi kuma ya karɓa ya koyi abin da zai ce.

Ranar ta zo. Gajimare ya yaye, kan dutsen ya fito fari fat. Aikande ta durƙusa ta miƙa ƙwaryar, cike da kumfa.

Wayyo, ƙamshin nan! Sautin mutane ya yi masa nisa. Ya ga kumfar tana juyawa a hankali, ya ji hannunsa na tashi da kansa zuwa bakinsa.

Sai ya ji tari. Can ƙarƙashin ayaba, su Temba ne su takwas, da tulun shayinsu.

Mwalimu ya miƙe.

"Surukaina, ni mashayi ne. Yau kwana ɗari da tara ban sha ba. Na ba ku ’yata da zuciya ɗaya, amma in na kurɓi wannan, gobe ba zan tuna na ba ku ita ba."

Wani kawun ango ya fara gunaguni cewa an raina su. Sai mahaifin ango ya taso, ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu.

"Daga hannunka ta fito, ya wadatar. Ni zan sha maka."

Ya sha, mata suka rangaɗa guɗa.

Washegari da safe Aikande ta kawo masa shayi. "To Baba, yaya aka yi jiya?"

"Zanenki shuɗi ne mai hoton tsuntsaye. Da kika durƙusa, ɗan kunnenki na hagu ya faɗi cikin ciyawa." Ya buɗe tafin hannunsa. "Ga shi, na tsince miki."

Aikande ta rufe fuska da hannu tana kuka.

Darasi: Girman kai ba ya raba mutum da kwalba, amma zama da waɗanda suka san ciwon yana iya yi. In kana fama, nemi inda irinka suke taruwa ka shiga, ko da kana ɓata rai. Ku tura wa wani, wataƙila yau sau uku ke nan yana wuce ƙofar.