Gwauruwar da Ta Riga Dattijo Cewa Amin

Akwai wata gwauruwa a wani ƙauye, ana ce da ita Maman Tabita. Wata shekara damina ta yi jinkiri, sai ta kwashi ɗan irin dawar da ya rage mata ta yi binne, wato ta shuka a busasshiyar ƙasa. In ruwa bai sauka da wuri ba, gara da zabi su cinye irin, ita da 'ya'yanta su kwana da yunwa har baɗi.

Ran Lahadi ikilisiya ta taru domin roƙon ruwa. Mai yin addu'ar wani dattijo ne mai doka: ba buɗe ido, ba motsi, sai ya ce Amin. Addu'arsa kuwa, in kin ɗora wake a wuta, zai nuna bai kai rabi ba.

Ya gyara murya. "Ya Ubangijiii, kai da kake can neeesa, a saman sammai, ka tuna da muuu..."

Yana cikin haka sai aka ji ƙwas a kan kwanon rufi. Ƙwas, ƙwas. Ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga. Can sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Dattijo ya ɗaga murya don ya fi kwanon ƙara. "Ka aiko mana da ruwaaa! Kai, a rufe tagogin nan, ana addu'a! Ko ɗigo ɗaya ne, ya Ubaaa..."

Maman Tabita ta miƙe tsaye. "Amin!"

"Wace ce wannan? Ban gama ba!"

"Ni ce, Baba. Kai ne ba ka gama ba. Shi ya riga ya amsa."

"Ke, zauna! In kin taka ƙofar nan kin shiga horo, sai bencin baya!"

"To, Baba, a share mini bencin. Amma mun kira Baƙo, ga shi ya iso, ba zan bar shi a tsaye ba ko sannu."

Ta gyara ɗaurin zani, ta fita cikin ruwa, ta rangaɗa guɗa. Matan zumunta suka buɗe ido ɗaya, suka buɗe na biyu, suka bi ta. Mai ganga ya saɓa gangarsa. Aka bar dattijo da matarsa, ita ma idonta a rufe, ƙafarta na taka rawa a ƙarƙashin benci.

Horo dai an sa ta. Ta koma bencin baya, kuma daga can muryarta ta fi ta kowa a waƙar godiya, gama dawarta ta tsiro.

Ga ma'anar misalin nan. Ruwan shi ne alherin Allah, wanda yakan iso tun bakinmu bai rufe ba. Dattijon kuwa mu ne, duk ranar da muka saba da roƙo har muka ɗauki amsa a kan surutu. Muna ta kiran Allah na nesa, alhali shi ya ba mu numfashin da muke kiran da shi, shi ya zaunar da 'yar'uwa a gefenmu.

Ba cewa na yi ku raina dattawa ba, kada a kai ƙarata. Amma in Ubangiji ya iso tsakiyar sujada, ku tashi ku gaishe shi. In an mai da ku baya saboda godiya, ku tafi kuna waƙa. Yana can ma.