Kurege da Ƙwaryar Mawaƙi

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta!

A'a, Lantana, wannan amsa taki ai ko kaza ba ta tasar ba. Buɗe baki ki sake. Yauwa, yanzu na ji. To ku matso, yau labarin murya ne.

Wai a can dajin da, dabbobi gayya suke yi wa juna. In ciyawa ta ci gonar wani, sai ya kira 'yan'uwa, kowa ya zo da hauyarsa, a jeru sahu guda, a nome gonar a yini ɗaya. Amma gayya ba ta tafiya sai da mawaƙi. Shi ne zai tsaya a kan suri a bakin gona ya riƙa rerawa. Akwai wurin da waƙar ke hawa sama, nan kowa zai ɗaga hauya. In ta sauko, hauyoyi su sauka tare, tim! Wanda ke can ƙarshen sahu ba ya jin komai sai wannan hawan. In bai ji ba, shi ke nan, aiki ya ɓaci.

Shi kuwa mawaƙi ba ya riƙe hauya. Kuma in an tashi, shi ake fara miƙa wa ƙwarya, cike da soyayyar gyaɗa an kwarara mata zuma.

To mai wannan waƙa tun kaka da kakanni tsoho Gauraka ne. Tsufa ya zo masa, murya ta fara rawa, kunne kuma ya yi nauyi, sai an yi masa ihu yake ji. Abin ya dame shi ƙwarai, don yana tsoron waƙar ta bi shi kabari. Sai ya ce duk mai so ya zo ya koya.

Kurciya ta zo. Kwaɗo ya zo. Kurege ma ya zo, yana sosa ƙeya. Shi fa ba waƙa ta kawo shi ba. Ya ji an ce babu hauya, ya ji an ce akwai ƙwarya, yawunsa ya tsinke.

Ga yadda Gauraka yake koyarwa. Da hantsi za a je ƙorama. Mai rerawa ya tsaya a wannan gaɓa tare da tsoho, sauran su haye waccan gaɓa su saurara. In ya gama, sai su faɗa masa gaskiya tsirararta, inda muryar ta karye da inda ba ta iso ba.

Kurciya ta rera. Kwaɗo ya ce, "Yaya Kurciya, daɗi kam akwai, amma rabin waƙar a ruwa ta faɗa. Tsoron buɗe baki kike yi."

Kurciya ta ji zafi, ta haɗiye, washegari ta buɗe bakin.

Kwaɗo ya rera. Kurciya ta ce, "Kai kuma kamar ana jan turmi a tsakar gida. Ƙasa kake, ƙasa kake, yaushe za ka hau?"

Kwaɗo ya kumbura, ya sace, washegari ya hau kaɗan.

Kurege yana gefe yana kallo. Ya ce a ransa, "Ni za a tsayar a gaban jama'a a ce mini turmi? Allah ya kiyaye!" Muryarsa fa da zaƙi, wannan ba a hana shi ba. Gajeruwa ce kawai. Da ta zo wurin hawa sai ta tsinke, tsiit, kamar an taka ɗan tsako. Ya san da haka sarai, kuma ya lura da abu guda. Tsoho ba ya jin abin da ake faɗa daga waccan gaɓa, kawunansu kawai yake kallo.

Ranar da layi ya zo kansa, sai ya riga kowa hayewa. Ya zuba riɗi a kan dutse inda Kurciya ke tsayawa. Ya tara fara masu maiƙo inda Kwaɗo ke zama. Ya dawo ya share murya, ya ce, "'Yan'uwa, ɗan abin taɓawa ne, kada ku saurare ni da yunwa."

Ya rera. Ya zo wurin hawa, tsiit!

Kurciya tana tsattsagar riɗi, kai ya yi ƙasa, kai ya yi sama. Kwaɗo yana haɗiyar fara, ya lumshe ido, kai ya yi ƙasa, kai ya yi sama. Gauraka ya hango su, ya ce, "Ikon Allah! Har lumshe ido suke yi?"

Kurege ya yi masa ihu a kunne, "Daɗi ne, Baba!"

Kwaɗo ya so ya yi magana, ƙafar fara ta tokare masa maƙogwaro. Kafin ya haɗiye an watse.

Washegari riɗi, washegari fara. Washegari riɗi, washegari fara. Ba su yi masa ƙarya ba fa, ku riƙe wannan. Bakinsu ne dai bai taɓa zama fanko ba a lokacin da ya kamata. Daga baya kuma kunya ta shigo, don da wuya ka ci na mutum ka ce masa muryarsa ta tsinke. Su suna ta ƙaruwa, muryar Kurciya ta yi ƙarfi, ta Kwaɗo ta yi tsawo. Shi yana nan inda yake, sai ƙiba.

Ana nan sai Ɓauna ta kira gayya. Gonarta kuwa doguwa ce, in ka tsaya a wannan baki, na wancan bakin kamar tururuwa. Gauraka ya ce, "Wanda kullum ake yaba wa shi zai hau suri." Ya ɗora wa Kurege fiffike a ka, ya sa masa albarka, har idonsa ya kawo ruwa. Kurege ya ɗan ji kunya, amma ya hango ƙwarya a gindin bishiya an rufe ta da faifai, sai abin ya wuce.

Aka jeru. Kurege ya hau suri ya fara:

"Ƙasa ta sha, ƙasa ta yi laushi,
Mai hauya, ɗaga ta sama..."

Tsiit!

Na kusa suka ɗaga. Na tsakiya suka tsaya suna waige. Na ƙarshe ko motsi ba su yi ba, suna jiran waƙa. Ya sake. Tsiit! Wannan ya sara, wancan ya ɗaga, sahu ya karkace kamar tafiyar maciji. Gada ta sare gero maimakon ciyawa. Jaki ya kai hauya, sai a kan kofaton Ɓauna, ƙwas!

Wayyo! Ɓauna ta yi wani gurnani, ta taho tana ɗingishi, hanci na huci. Ta ce, "Kai, ɗan mitsitsi! Rana ta ɗaga, ko kwata ba a yi ba. In ciyawar nan ta kwana, ni da 'ya'yana me za mu ci? Ko waƙa ta kai ƙarshen gonar nan, ko in mayar da kai cikin surin nan da ƙafa ɗaya."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kurege ya dubi raminsa, ya yi nisa. Ya dubi kofato, yana kusa. Sai ya yi murmushi, ya ce, "Haba Inna, ai gwaji nake yi. Gona irin taki, gonar manya, wa ya ce baki ɗaya ke yi mata waƙa? Baki uku ake sa mata. A kira mini Kurciya da Kwaɗo."

Suka zo. Ya raɗa musu, "Ku rufa mini asiri. Ke ki hau bishiyar ƙayar can ta tsakiyar gona ki karɓa daga bakina, kai ka je ƙarshe ka karɓa daga nata."

Kwaɗo ya wage baki har ana ganin cikinsa. Ya ce, "Duba nan, me ka gani?"

"Ba komai."

"To yau ba komai a ciki, saboda haka za ka ji. Ko tsakiyar ma muryarka ba ta kai. Daga maƙogwaro kake waƙa, kamar mai shaƙe da ƙashi. Ja numfashi har cikinka ya cika, daga can za ka turo ta."

Kurciya ta ce, "Kuma can sama kake farawa don a ce kana da zaƙi. Wanda ya fara daga kan reshe ina zai hau? Fara daga gindi. Ka daina miƙe wuya, sake kafaɗa."

A gaban kowa fa! Har Jaki yana dariya. Kurege ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma kofato yana nan, sai ya ja numfashi har ciki, ya fara daga gindi.

"Mai hauya, ɗaga ta sama..."

Ba ta tsinke ba. Ta yi rawa, ta yi rawa, amma ta kai ƙaya. Kurciya ta cafe ta miƙa, Kwaɗo ya cafe ya watsa wa na ƙarshe. Hauyoyi suka tashi tare, suka sauka tare, tim! Shi kansa Kurege sai da ya waiga ya ga ko wani ne ya rera a bayansa.

Kafin la'asar an gama gona. Ɓauna ta miƙa masa ƙwarya, don al'ada ce. Kurciya da Kwaɗo suka matso.

Hali fa zanen dutse. Kurege ya rungume ƙwarya ya ce, "'Yan'uwa, na yi rantsuwa ba zan ƙara cika muku baki ba. Ku dubi irin ɓarnar da hakan ta jawo!"

Kwaɗo ya ce, "Madalla, ka yi gaskiya. Tunda bakinmu fanko ne, mu je ƙorama a ci gaba da gyara. Ka ci in mun gama."

Suka tasa shi gaba, ƙwarya a hannu. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya zai kai baki, Kwaɗo ya ce daga waccan gaɓa, "Sake!" Ya rera. Ya ɗauka zai kai baki, Kurciya ta ce, "Ƙarshen ya faɗi, sake!" Washegari haka, wata ya zo ya wuce haka. Da ya ce ya gaji, sai su ce, "Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba." Zuma ta daskare, gyaɗa ta yi sanyi, yana ci da ƙyar tsakanin sake da sake.

Rannan da hantsi, ya ja numfashi, ya fara daga gindi, ya hau, ya hau, ya wuce inda ya saba tsayawa. Tsoho Gauraka yana can nesa a ƙarƙashin kuka yana gyangyaɗi, shi da rabonsa da jin waƙa tun bara waccan. Sai ya ɗaga kai a hankali.

Ya ce, "Wa ke nan? Na ji. Wallahi na ji!"

Ya taso yana tangaɗi, hawaye na zuba, yana amsawa da 'yar muryar da ta rage masa. Kurege ya tsaya cak a kan ƙafa biyu, gyaɗa a hannu daf da baki. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa manta abinci a hannunsa ba sai ranar. Ba wanda ya ce masa sake. Shi da kansa ya sake.

Shi ya sa har gobe in kun ga kurege a bakin gona, za ku gan shi tsaye, hannu a baki, ya kasa kunne. Jira yake ya ji abin da za a ce daga waccan gaɓa.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege! Wanda duk yake son a gaya masa gaskiya, ya tambaya kafin ya kawo tuwo. Ke kuma Lantana, da kika ce tatsuniyata ta fi ta kowa daɗi, na ga ƙuli-ƙulina a kumatunki. Haɗiye tukuna, sannan ki sake faɗa.