Waziri Arzika da Fararen Shekaru

"Na ce ka janye ƙafarka daga kan tabarmata."

"Tabarmarka? Allah ya ba Waziri nasara, tabarmar nan kakana a kanta ya cika."

"Shi ya sa take wari. Malam Barmo, shafa goshinka ka ji. Gumi ne wannan, ko kuwa sanyin da ka yi wa Sarki alkawari ne ya narke?"

"To, to, to," in ji Malam Barmo ta hanci, don shi duk maganarsa ta nan take fita, sai ka ce bakin na aro ne. "Sanyi yana tafe. Bango bai taɓa ƙarya ba."

Masu wannan cacar baki ba yara ba ne. Ɗaya Waziri Arzika ne, ɗaya kuwa Malam Barmo, Mai Duban Shekara, kuma a kulle suke su biyu a ɗaki guda. Ga yadda aka yi suka shiga.

A zamanin da, a wata ƙasa mai yalwar gero da dawa, an yi wani sarki ana ce masa Jatau. A bayan fadarsa akwai wani ɗaki mai tsawo da ake kira Soron Shekaru, ƙofarsa ɗaya, tagarsa ɗaya can kusa da rufi. Al'adar garin tun kaka da kakanni ita ce, da an gama girbi sai Mai Duban Shekara ya faɗa wa Sarki yadda hunturu zai kasance, sannan ya shiga soron ya zauna har lokacin ya wuce. Kullum zai duba sama ta tagar nan, ya rubuta abin da ya gani da tawada a jikin bango. In hunturu ya fita sai a shafe rubutun da ƙaro, don kada laimar damina ta taɓa shi. Haka bango ya cika da labarin shekaru, hannun uba ƙarƙashin hannun kaka, daga sama har ƙasa.

A shekarar da ake magana, ganuwar gabas ta zube, Sarki yana son a tara maza duka a tayar da ita. Hatsi kuwa yana gonaki a ɗaure dami-dami, yana jiran ya ƙarasa bushewa. Sarki ya yi gyaran murya, don shi ba ya fara magana sai ya yi gyaran murya kamar mai ture dutse daga rijiya, ya tambayi Malam Barmo ko a iya barin hatsin a fili a tafi aikin ganuwa.

Malam Barmo ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "To, to, to, ranka ya daɗe, na karanta bango kaf. Ba a taɓa rubuta ruwa a hunturu ba. Bana sanyi ne mai tsaga leɓe, sama fes. A bar hatsi ya sha iska."

Waziri Arzika mutum ne da ba ya iya haɗiye magana, in ta zo masa wuya sai ta fito. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ni ban iya karatun bango ba, amma iskar damina ba ta juya ba har yau. Shamuwa tana nan kan rimin kasuwa ba ta yi ƙaura ba. Gishiri yana jiƙewa a faifan masu sayarwa. Ina tsoron hunturun bana mai ɗumi ne, kuma da ruwa a cikinsa."

Fadawa suka dubi juna, don kowa ya san doka. Duk wanda ya musa wa Mai Duban Shekara a gaban Sarki, tare za a kulle su a soron, abinci ta kafar ƙofa, magana kuwa ba ta fita ko ɗaya, har sama ta raba gardama. Wanda ta kayar a warware masa rawani ya bar gari. Sarki ya dubi Wazirinsa kamar zai ce wani abu, sai ya sake gyaran murya, ya ɗaga wa Sallama, mai tsaron ƙofar fada, hannu. Sallama ya sa su gaba, ya ja ƙofa, ya danna sakata.

Da farko Waziri ya ɗauki abin da wasa. Yana kwaikwayon Malam Barmo har da toshe hanci, yana tambayarsa ko a aiko masa da bargo. Amma da kwanaki suka tura, wasa ya fita daga ransa. Ta tagar nan yana jin waƙar masu aikin ganuwa tun hantsi har la'asar, wato ba namiji ko ɗaya a gona. Yana ganin sama ta yi fari-fari, ta yi nauyi kamar rigar da ba ta bushe ba. Ya auna abin ta kowace fuska, ya ga ba inda ya ɓulle. In sanyi ya zo, rawaninsa ya tafi, wannan mai sauƙi ne. In kuwa ruwa ya zo, shi ya ci gardama, amma abincin gari na shekara guda ya ruɓe a fili. Za a buɗe masa ƙofa da kirari ya fito ya tarar da yunwa.

Ya buga ƙofa ya ce, "Sallama! Ka gaya wa Sarki ko rabin mazan ne a mayar gona."

Daga waje Sallama ya ce, "Ban ji ba, ranka ya daɗe."

"Ka ji mana, tunda ka amsa."

"Wannan ɗin ma ban ji ba."

Waziri ya koma ya zauna. Ɗakin ya ƙara matse masa. In ya miƙe ƙafa ya taɓa Malam Barmo, in ya ɗaga kai ya ga rubutu, in ya rufe ido ya ga dammunan dawa sun yi baƙi.

Wata safiya Malam Barmo ya tsoma alƙalami ya rubuta a bango cewa sanyi ya kusa. Bai kai ga aje alƙalamin ba sai baƙaƙen suka fara zuba, suna gangarowa ƙasa kamar kwalli a idon mai kuka. Ya dubi na jiya da na shekaranjiya, su ma sun jiƙe sun cakuɗe. Bangon kansa gumi yake yi. Ya yi tsaki, ya jawo wani kasko daga lungu, ya dama farar ƙasa, ya ɗauki tsumma.

Waziri ya ce, "Me za ka yi?"

"Shafewa zan yi. Haka babana ya koya mini. In rubutu ya zuba a rufe shi da farar ƙasa, kada Sarki ya zo ya ga ƙazanta."

Waziri ya tashi tsaye a hankali. Ya bi bangon da kallo, wannan karo ba rubutun yake dubawa ba, tsakankanin rubutun yake dubawa. Nan da can akwai filaye farare tas, kowanne faɗin shekara guda, an shafe su da ƙaro kamar sauran. Ya ɗora yatsa a kan ɗaya.

"Wannan fa?"

"Farar shekara ce. Shekarar da ba abin faɗa."

"Hunturu guda mutum yana zaune yana kallon sama, ya rasa abin faɗa? Kai da ko tsuntsu ya gifta sai ka rubuta?"

"To, to, to..."

"Bar to ɗin nan, Malam. Me ke sa tawada ta zuba?"

"Laima."

"Me ke kawo laima a hunturu?"

Malam Barmo ya dubi kaskon da ke hannunsa, ya dubi fararen filayen nan, sai ya gane. Shekarun ruwa da kansu suke wanke labarinsu, kakanninsa kuma su bi da tsumma su ƙarasa aikin. Bango bai yi ƙarya ba, shiru ya yi a daidai inda ake bukatar ya yi magana.

Waziri ya kama hannunsa ya ce, "Doka ta ce wanda ya sallama tun sama ba ta yi hukunci ba, za a kai shi gaban Sarki ya yi kalma ɗaya ta bankwana. Ka sallama, ka je ka faɗa masa."

Malam Barmo ya zame ya zauna daɓas. Muryarsa ta yi ƙasa. "In na sallama, ba ni kaɗai na faɗi ba. Babana ya faɗi, kakana ya faɗi. Ina zan kai tsohuwata da 'ya'yana? Waziri, kai kana da dangi a kowane gari. Ni ɗakin nan ne garinmu."

Can nesa aka ji sama ta yi wani gurnani mara ƙarfi, irin wanda mutum zai ce ko cikinsa ne. Waziri ya juya ya doki ƙofa da tafin hannu.

"Sallama! Na sallama. Malam Barmo ya fi ni gaskiya."

"Wannan kam na ji," in ji Sallama, sakata ta yi ƙara.

Aka kai Waziri fada, aka warware masa rawani a gaban jama'a, kansa ya fito fili da furfura da sanƙo, fadawa suna sunkuyar da kai don kunya. Sarki Jatau ya yi gyaran murya mai tsawo ya ce, "Arzika, ka yi kalmarka."

Ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamaninka, tambaya ce. Wani attajiri ne yake zaune a ƙofar gari, duk fatken da ya dawo daga wata hanya sai ya tambaye shi, ka gamu da 'yan fashi? Kowa ya ce a'a. Sai ya ɗaure dukiyarsa duka ya bi hanyar nan ba takobi ba rakiya. Mai hankali ne ko wawa?"

Sarki ya ce, "Wawa ne. Waɗanda suka gamu da 'yan fashin ai ba su dawo ba balle ya tambaye su."

"To ranka ya daɗe, a bangon Soron Shekaru akwai shekarun da ba su dawo ba. Ba na roƙon rawani. Ina roƙon Sarki ya taka da ƙafarsa ya tambayi inda suka tafi, kafin ya bar hatsin talakawansa ya bi hanyar."

Ba a saba Sarki ya shiga soron ba sai hunturu ya fita, amma ya miƙe, fada duka ta miƙe. Suka tarar da Malam Barmo tsaye a tsakiyar ɗaki, kasko a hannu, bai shafe komai ba. Rubutun bana yana nan yana zuba a bango, baƙi har ƙasa, kusa da shi ga farin fili na zamanin kakansa. Sarki ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya kankare gefen farin da farcensa, sai ga dusu-dusun tsohuwar tawada a ƙarƙashi, ta zuba kamar ta yau.

Karo na farko a mulkinsa Sarki Jatau ya yi magana ba gyaran murya. "A buga tambari. Kowa ya bar ganuwa ya nufi gona."

Aka watse da gudu. Maza da mata, jakuna da raƙuman fatake, har dawakin fada aka ɗora wa dami. Arzika da kansa, kai ba rawani, ya tattare riga yana jidar gero yana zagin masu nawa. Ana cikin haka yayyafi ya fara, mai ɗumi, shiru-shiru, ba iska ba tsawa, irin ruwan da ba ya gaggawa don ya san zai daɗe. Ya kuwa daɗe. Hatsin gonakin nesa ya jiƙe, wani ya tsira a daminsa, wani ya yi funfuna aka zubar. Amma mafi yawa ya shiga rumbu, garin ya ci tuwo a shekarar, ko da ba a ƙoshi kamar kullum ba.

Da aka natsa, Sarki ya koma Soron Shekaru da manyan fada, ruwa yana ta zuba a waje. Ya sa aka kawo rawani, ya naɗa wa Arzika da hannunsa, ya ce mutumin da ya yarda a tsiraita kansa don rumbun talakawa, kan nan bai kamata ya zauna a buɗe ba. Ya soke dokar kulle mai musu, ya ce daga yau wanda ya ga wata alama a sama ko a ƙasa ya zo ya faɗa, ba mai rufe shi. Ya hana shafa farar ƙasa a bangon har abada, rubutun da ya zuba a bar shi da zubarsa, shi ma shaida ne. Da aka zo kan Malam Barmo, Waziri ya roƙa masa arziki, ya ce ya sami dama ya shafe bai shafe ba. Sarki ya bar masa muƙaminsa.

Sannan Sarki ya juya gare shi. Rufin soron ya fara yoyo, ɗigon yana sauka daidai tsakar rawanin Malam Barmo, ɗis, ɗis, yana bin hancinsa yana ɗiga a gemu. Sarki ya ce, "To Malam, yanzu me za ka rubuta game da hunturun bana?"

Malam Barmo ya share ruwan da ke hancinsa, ya ɗaga kai ya dubi taga da idon masani.

"To, to, to, ranka ya daɗe, ai wannan ba ruwanmu ba ne. Na wata ƙasa ne ya yi ɓatan hanya, in masu shi suka zo nema sai mu mayar musu."