Takunkumin Sakinatu

An yi wani mutum a wani ƙauye gabas da Ɗambatta, dattijo mai sayar da hatsi, irin wanda ba a katse masa magana. A shekarar korona ya kwana huɗu yana zazzaɓi da tari, har warin daddawa ya daina ji. Ya san abin da ake faɗa a rediyo. Amma ya ji tsoron a killace shi, masu awo su guje wa rumfarsa. Sai ya haɗiyi farasitamol, ya wuce mai gwada zafin jiki a ƙofar asibiti, ya ce ƙayar kifi ce ta maƙale masa.

A duk yankin mutum ɗaya ke duba kunne da hanci da maƙogwaro, Sakinatu, 'yar amininsa. Ta durƙusa ta gaishe shi da takunkumi a fuska. Ya ɓata rai.

"Ni na yi miki huɗuba ranar da aka haife ki. Yau ni kike toshe wa hanci? Kuturu ne ni?"

Ta ce dokar aiki ce. Ya ce mai tawakkali ba ya ɓuya a bayan tsumma. Kunya ta kama ta, ta sauke.

Ya 'yan uwa, ba a duba maƙogwaro daga nesa. Ta sunkuya da tocila, ta danne masa harshe, tari ya turnuƙe shi a kan fuskarta. Ba ta ga ƙaya ba.

Bayan mako uku aka yi jana'izarta. Shi ya warke. Ɗakin aikinta na asibiti aka sa wa kwaɗo.

Gab da damina, ana ɓarar gyaɗar iri a gidansa, jikarsa Hure, 'yar shekara uku, ta shaƙi ƙwaya ɗaya. Ya sungume ta sai asibiti. Kwaɗon nan ya tarar. Aka ce sai birni, birni kuwa yana kulle, mota ta yi wuya. Kafin su kai Ungogo numfashinta ya tsaya a kafaɗarsa. Rumfar da ya yi ƙarya dominta, har yau bai ƙara buɗe ta ba.

Masu gaisuwa suka ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce. Amma wa ya haɗiyi farasitamol? Wa ya mai da tawakkali sandar dukan yarinya? Mun taso ana cewa babba ba ya laifi. Ga furfura na yi, ban ga inda aka halatta wa babba ƙarya ba.

Ɓoye cuta ga mai magani cin amana ne. In 'yarku ta rufe fuska za ta duba ku, ba raini ba ne, jikokinku take tsarewa.

Allah ya jiƙan Sakinatu da Hure. Allah ya kiyaye mu da girman da zai ci 'ya'yanmu.