Kumburin da Tukur Ya Juya Ciki

An yi wani mutum a wani gari, can da daɗewa, tun ana sa wa kowace taya tub. Sallau sunansa, mai faci ne a bakin tasha. Bawan Allah ne da bai mallaki komai ba sai famfon iska, da kwanon ruwan da yake tsoma tub ya gano huji, da ƙane guda ɗaya, Tukur. Shi ya rene shi bayan rasuwar iyayensu, shi ya kai shi koyon tuƙi, har ya zama direban motar kasuwa. In ka ji Sallau na dariya, to Tukur ne ya dawo daga hanya lafiya.

Ku na baya can, ku bar hirar nan ku saurara. Da ku nake.

Wata rana Tukur ya gangaro da tayar gaba, ya yar a gabansa. Ya ce, "Yaya, duba mini. Na faɗa rami jiya, ta yi ɗan ƙullutu."

Sallau ya shafa gefen tayar, ya ji kumburi kamar ƙwan kaza. Ya ce, "Tukur, wannan ta gama aiki. Da ƙusa ce ta shiga ta inda take taka ƙasa, da yanzu na liƙe maka. Amma gefe ne. Zaren da ke cikin robar, mai riƙe ƙarfin iska, shi ya tsinke. In ta sha zafin kwalta da nauyin kaya, fashewa za ta yi."

"Haba Yaya! Sa mata faci ta ciki mana. Gobe kasuwa fa."

"Faci ba ya ɗinke zaren da ya tsinke. Ka haƙura da fita, mu nemi wata."

Tukur ya kwashi tayarsa yana gunaguni, ya kai wa wani mai facin, irin waɗanda bakinsu bai san a'a ba. Kun san dabarar da suka yi? Juya tayar suka yi, kumburin ya koma ta ciki, inda ido ba ya kaiwa. Aka goge ta tana ƙyalli. Allah Ya kyauta!

Washegari da hantsi motar na lodi, Sallau ya hango tayar ya gane ta. Ya je ya durƙusa, ya zura hannu ta baya. Kumburin na nan. Ya ɗaga kai ya ga mata da kwandunan tumatir, ga tsoho da akuyarsa, ga wata da goyo.

Ya ja Tukur gefe ya roƙe shi a asirce. "Don girman Allah ka sauke mutanen nan. Ka ce mota ba ta da lafiya, gaskiya ce kuwa."

"Yaya, ka fita harkata. Mutuwa dai ta Allah ce."

"Ta Allah ce, amma ba a ce ka ɗauko ta ka ɗaura wa mota ba."

Tukur ya fizge hannunsa, ya shiga ya ta da mota.

Jama'a, nan fa ake yin ta. Sallau ya san halin ƙanensa, ba ya yafe wa wanda ya kunyata shi. Ya san in ya buɗe baki ya rasa Tukur. Duk da haka ya tsaya a gaban motar, ya ce, "Bayin Allah, ku sauka. Tayar gaba ba za ta kai ku ba."

Suka sauka, suka nemi wata motar. Shugaban tasha ya hana motar lodi sai an sake taya. Tukur ya nuna yayansa da yatsa a gaban kowa, ya ce, "Daga yau ba ni ba kai."

To me ya faru? Ba abin da ya faru! Ba haɗari, ba gawa. Kowa ya ci kasuwarsa ya koma gida, shi ya sa ba wanda ya gode masa. Sai ma aka ce hassada ce. Direbobi suka ɗauke ƙafa daga rumfarsa, wai mai tonon silili ne. Tukur kuwa ya jingine tayar a zaurensa, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa: "Dubi lafiyayyiyar tayar da aka ci mutuncina a kanta."

Sallau ya je gidan Tukur ya yi sallama, ba a amsa ba. Ya tura dattawa, a banza. Abin ya ci shi ƙwarai, ya rame, dariyar nan ta ɗauke. Wani ya tambaye shi ko ya yi nadama. Ya share ido ya ce, "Ina kewar ƙanena. Amma gara ya ƙi ni yana raye."

Da damina ciwo ya kwantar da shi. Duk ƙarar motar da ya ji sai ya ce, "Tukur ne?" Ba Tukur ba ne. Haka ya cika.

Bayan an share makoki, Tukur ya gaji da ganin tayar, ya ba wani mai yin takalman taya. Nan ƙofar gida mutumin ya sa wuƙa. Da ya iso kumburin, wuƙar ta wuce kamar a dafaffiyar kabewa. Ya ce, "Kai! Malam, nan wurin ko takalmi ba zai yi ba. Dubi zaren, duk ya tsinke. Wa ya sa ka cire ta? Je ka gode masa."

Tukur ya zauna daɓas a ƙasa. Wa zai je ya gode wa? Ƙasa ta riga ta rufe.

'Yan'uwa, masifar da aka tare ba ta da shaida, kuma mai tare ta ba ya samun godiya a nan sai a wurin Allah. Aibin da ka juya ciki yana nan, ido kawai ka ɓoye wa. Kai direba, kai mai faci, rayukan mutane amana ce a wuyanku. Kai kuma da kake gaba da wanda ya faɗa maka gaskiya, tashi ka je yau, tun yana iya amsa sallamarka. Allah Ya jiƙan masu gaskiya, Ya ba mu kunnen jin su tun suna raye.