Birkin Da Ba Ya Kama Sai Ya Ji Wuta

Akwai wani mutum da Allah ya buɗa masa har ya sayi mota. Ba sabuwa ba ce, amma tana da ƙarfi, shi kuwa yana ji da ita ƙwarai. Mutumin nan yana da suruki a ƙauyensu, wani tsohon manomi da ake kira Baba Irimiya. Ranar da tsohon ya ba shi 'yarsa Tabita, ya faɗa a gaban dattawa cewa yaron kirki ne, sai dai yana da gaggawa. Shekaru suka wuce, kowa ya manta da maganar, ban da shi mijin Tabita. Burinsa kullum shi ne tsohon ya dube shi wata rana ya ce lalle yaron nan ya natsu, ya zama mutum.

Ana nan sai birkin motar ya cinye. Ya ɗauki matarsa suka tafi wurin mai sayar da kayan mota. Mai shagon ya fito da iri biyu. Na farko irin wanda kowa ke sawa ne, ba ado, yana kamawa da safe, yana kamawa da rana. Na biyu kuwa ja ne wur, yana walƙiya, irin na motocin tsere. Da mai shagon ya ga inda idon mutumin ya tsaya, sai ya shiga koɗa shi. Ya ce wannan na manya ne, ba ya kama sosai sai ya ji wuta, amma in ya yi zafi, ko daga kan dutse mota ta gangaro zai tsayar da ita cak.

Mutumin ya ji kalmar manya, sauran maganar duk ta bi iska. Tabita ce ta ce a hankali, "To, Baban Lami, kafin ya ji wutar fa?"

Ya harare ta, ya ce me mace ta sani game da mota. Aka ɗaura masa jan birkin.

Ya hau babbar hanya ya gwada. Ya yi gudu ya taka, ya sake gudu ya taka, har ƙarfen ya yi zafi, motar kuwa ta riƙa tsayawa kamar an ɗaure ta da igiya. Daɗi ya cika shi. Gaskiya ne, da safe in zai fita daga gida yakan ji motar ta ɗan zarce kafin ta tsaya, birkin yana ƙara kamar ƙofar da ba ta ga mai ba. Amma ya ce ai wannan ƙaramin abu ne. Shi dai ya shirya wa babbar rana, ranar da babban haɗari zai taso.

Da kaka ta yi, suka tafi ƙauye domin Lahadin godiya, ranar da kowane gida ke kawo nunan fari na gonarsa gaban Ubangiji. Sun kwana a gidan mahaifinsa, wanda daga ƙofarsa ana hango majami'a. Da safe akwai sanyi. Tabita ta bi zumuntar mata da ƙafa, suna tafe suna waƙa. Shi kuwa ina, tafiyar da ko jariri zai yi da rarrafe, sai da ya tayar da mota, domin a gan shi.

Aka kuwa gan shi. Harabar majami'a ta cika da mutane, ga dammunan dawa, ga doya, ga kaji a ɗaure. A bakin ƙofar shiga, Baba Irimiya yana tura kekensa, ya ɗaure ƙwaryar acca a baya. Accar nan shi ya shuka ta, shi ya yanka, shi ya sussuka da ƙarfin tsufansa. Mutumin ya zo a hankali, hannu ɗaya a waje yana gaisawa da jama'a. Da ya matso kusa da tsohon, ya taka birki.

Birkin yana da sanyi. Ya yi ƙara, motar ta zarce kaɗan, kaɗan ɗin nan da ya saba rainawa. Ta tunkuɗe keken. Tsohon ya faɗi a kan gwiwarsa, ƙwaryar ta ɓalle, acca ta watse cikin ƙasa.

Waƙar mata ta tsaya. Mutumin ya fito, ya rasa inda zai sa idonsa. Da tsohon ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Amma Baba Irimiya bai ko dube shi da fushi ba. Ya karkaɗe rigarsa, gwiwarsa tana jini, ya durƙusa ya fara tara accar da tafin hannu. Duk wanda ya san acca ya san ba a tsince ta daga cikin ƙasa. Tabita ta zo ta durƙusa kusa da mahaifinta, tana taya shi tarawa.

"Baba, ka yafe mini," in ji mutumin.

Tsohon ya miƙa masa ƙwaryar ya ce, "Riƙe mini, ɗana. A hankali."

Haka ya tsaya a gaban dukan ƙauyen riƙe da ƙwarya, ana zuba masa acca haɗe da tsakuwa, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da aka kira gidan Baba Irimiya su kawo baikonsu, abin da suka kai gaban bagade ke nan.

Ma'anar wannan misali ita ce: motar nan rayuwarmu ce, birkin kuma kamewa ce. Da yawa cikinmu mun zaɓi jan birki. Muna cewa in tsanani ya zo ba za mu yi musun Ubangiji ba, in an kai mu gaban masu iko za mu tsaya daram. Mai yiwuwa ma gaskiya muke faɗi. Amma ku duba gidajenmu da safe. Mace ta yi tambaya, miji ya daka mata tsawa. Yaro ya zubar da koko, uwa ta zage shi har da kakanninsa. Maƙwabci ya wuce, mu bi shi da gulma. Kullum muna zarcewa kaɗan, muna cewa ƙaramin abu ne. Ni da nake rubuta wannan, kunya nake ji a madadinmu duka.

'Yan'uwa, babbar ranar nan wataƙila ba za ta taɓa zuwa wa yawancinmu ba. Abin da ke zuwa kullum shi ne safiya mai sanyi, da ƙofar gida, da wani namu a tsaye a gabanmu riƙe da abin da ya sha wahala a kansa. Ku roƙi Ruhu Mai Tsarki ya ba ku kamewar da ke aiki tun kafin a ji wuta. Gama wanda za ku tunkuɗe ba baƙo ba ne a kan babbar hanya. Shi ne wanda kuka fi so ya ga kun zama mutane.